Malam, p ɗin ya ƙi sauka

Wata Laraba ce bayan la'asar, cikin hunturu, ina ofis ina makin takardun 'yan aji ɗaya, sai wata ɗalibata ta ajin ƙarshe ta yi sallama. Ta rusuna ta gaishe ni, ta zaro takarda guda daga fayil ta ajiye a gabana, ta ce, "Malam, p ɗin ya ƙi sauka. An ce sai dai a taɓa alƙaluman."

Na ce, "Wa ya ce?"

Ta yi shiru. Can ta ce mai shagon kwamfutar da ta kai wa aikin ne. Irin shagunan nan da ke jere a bakin ƙofar manyan makarantu, inda ake buga furojet a yi masa bango, a kuma shigar wa ɗalibi alƙalumansa cikin manhajar ƙididdiga ta SPSS a miƙo masa tebur. Ya duba ya ga p, wato lambar da ake so ta sauka ƙasa da 0.05 kafin a ce bincike ya nuna bambanci, ya haura wannan iyaka, ya gaya mata aikinta bai yi ba, amma in ta ƙara wani abu zai gyara mata lambobi biyu ko uku har ya sauko. Na daɗe ina koyar da ƙididdiga ga masu fara ta, kuma babu maganar da ke ƙona mini rai kamar wannan. Yarinya ta sha rana damina guda cur, sannan a ce ta zubar da gaskiyar da ta samo saboda lamba ɗaya da ko ma'anarta ba a gaya mata ba.

Ga abin da ta yi. Ta koma ƙauyen kakanninta ta samu manoma goma sha biyu, kowanne ya yarda ya ware mata wani yanki a gonarsa ta gero. Ta raba kowane yanki gida biyu daidai. A rabi ɗaya aka bi hanyar nan ta zuba ɗan takin zamani a ramin shuka, abin da bai wuce cikin murfin kwalbar lemo ba, wadda masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suka daɗe suna gwadawa a gonakin geron Nijar. A ɗaya rabin manomi ya yi yadda ya saba. Da kaka ta yi, ta tsaya da kanta a kan sussukar kowane rabi, ta ɗora tsabar a sikeli, ta rubuta. Lambobi ashirin da huɗu ke nan, kuma ta san labarin kowacce. Wannan gonar jigawa ce, yashi zalla. Waccan a gefen fadama take. Wancan manomin Fulani sun zauna masa da shanu da rani, ƙasarsa ta sha taki. Wani kuma wuta-wuta ta addabe shi.

Da na duba kan teburin da aka bugo mata, nan take na ga inda gizo ke saƙar. Mutumin ya yi mata gwajin t, wanda ake kwatanta matsakaici biyu da shi, amma irin na rukuni biyu masu zaman kansu. Ya ɗauka gonaki goma sha biyu ne a gabas da wasu goma sha biyu a yamma waɗanda ba su san juna ba, alhali kowane rabi yana da ɗan'uwansa a gefensa, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, manomi ɗaya. Ban gaya mata ba tukuna. Na jawo durowa na ɗauko wata takarda da nake raba wa kowane aji, mai ɗauke da lambobi ashirin da suka haura shekara ɗari a duniya.

Ɗalibai da yawa suna zaton sunan Student da ke manne da gwajin t yana nufin ƙaramin gwaji ne na 'yan koyo, tunda ma'anar kalmar a Turanci ɗalibi. Sunan aro ne na wani mutum, William Gosset, ɗan Ingila da aka haifa a 1876, ya karanta ilimin sinadarai da lissafi a Oxford, ya kama aiki a 1899 a kamfanin giya na Guinness da ke Dublin a ƙasar Ayalan. Kamfanin ba ya barin ma'aikatansa su buga bincike da sunansu, shi ya sa ya ɓoye a bayan wancan suna. Damuwarsa irin ta ɗalibata ce sak. Masana lissafi na zamaninsa sun saba aiki da ma'auni ɗaruruwa ko dubbai, shi kuwa abin da ke hannunsa gwaji huɗu ne ko goma na sha'ir da sauran kayan da kamfanin ke saye, kuma dole ya yanke shawara da su. Tsakanin 1906 da 1907 ya je ya zauna a ɗakin binciken Karl Pearson a Landan, a 1908 kuma ya buga amsar da ya samo a mujallar Biometrika.

Akwai abu ɗaya a aikinsa da nake so ɗalibai su hango da idon zuci. Don ya tabbatar lissafinsa ya yi daidai, ya ɗauki ma'aunin tsawo da na yatsan tsakiya na hannun hagu na fursunoni 3,000, ya rubuta kowane mutum a kati guda, ya cakuɗa katunan sosai, ya raba su huɗu-huɗu, ya samu tuli 750, ya bi kowane tuli ya lissafa da hannu. Babu kwamfuta a lokacin. Abin da ya gano shi ne, idan samfurinka kaɗan ne, ita kanta warwatsuwar da ka auna ba abin dogaro ba ce sosai, don haka sai ka ɗaga shingen da za ka tsallake kafin ka ce ka ga bambanci. Mai ma'auni dubbai t na 1.96 yake nema. Mai goma sai ya kai 2.262. Mai biyar kacal sai 2.776. Teburin nan na bayan littafi da ɗalibai ke tsoro, abin da yake faɗa ke nan.

Shi kuwa t ɗin kansa, na kan bayyana shi da tiya. A ce kana zargin tiyar wani mai hatsi ta fi ta maƙwabcinsa girma. Ka sa kowanne ya auna maka sau da yawa. Ko tiya ɗaya ce, awo ba zai zo daidai kullum ba, yau ya yi tozo, gobe hannu ya shafe. In bambancin da ke tsakanin mutanen biyu bai wuce tafi guda ba, kuma awon kowannensu ma yana hawa da sauka da tafi guda, ba ka da abin cewa. In kuwa awon kowanne ba ya motsawa sai da 'yan ƙwayoyi, to tafi guda magana ce babba. Gwajin t rabawa ce kawai: bambancin da ka gani a sama, hawa da saukar awo a ƙasa.

Lambobin takardar tawa daga wancan rubutu na 1908 suke. Gosset ya aro su ne daga wasu masu binciken magunguna biyu, Cushny da Peebles, waɗanda suka buga a 1905 abin da suka gani a wani asibitin masu taɓin hankali da ke Kalamazoo a jihar Michigan ta Amurka. Majinyata goma, an gwada wa kowannensu magungunan barci iri biyu a darare daban-daban, ana rubuta awa nawa barcinsa ya ƙaru a kan daren da bai sha komai ba. Da magani na farko matsakaicin ƙarin awa 0.75 ne. Da na biyu awa 2.33.

Na ce da ita, "Buɗe kwamfutar, yi musu irin gwajin da aka yi miki."

Ta shigar, ta danna. Aka ba ta t na 1.86, p kuma wajen 0.08. Ta ɗago ta ce, "Shi ma bai sauka ba, Malam."

Na ce, "To ajiye kwamfutar. Ɗauki biro. Kowane majinyaci, cire lambarsa ta farko daga ta biyu."

Ta bi layi tana rubutawa: 1.2, 2.4, 1.3, 1.3, 0.0, 1.0, 1.8, 0.8, 4.6, 1.4. Tun kafin ta kai ƙarshe na ga biron ya rage gudu. Mutum tara cikin goma sun fi barci da magani na biyu, ɗaya bai ga canji ba, babu ko mutum guda da abin ya juye masa. Matsakaicin waɗannan lambobi goma 1.58 ne, ma'aunin warwatsuwarsu 1.23. Ka raba 1.23 da saiwar goma, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka goma, kusan 3.16, ka samu 0.389. Ka raba 1.58 da 0.389, t ya zama 4.06. Shingen da ake nema 2.262 ne. P ya faɗo ƙasa da 0.003.

Lambobi ɗaya, mutane ɗaya, amsa biyu. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta tambayi abin da nake jira: "Malam, me ya canza?"

Mutane sun bambanta a barci tun daga halitta. A cikin goman nan akwai wanda kowane magani aka ba shi sai ya ƙara awa uku ko fiye, akwai wanda da ƙyar yake motsawa. Gwaji na farko ya kwashe duk wannan bambanci na tsakanin mutum da mutum ya jibga shi a ƙasan rabawa, ya danne t. Gwaji na biyu ya auna kowa da kansa, sai bambancin halitta ya fita daga lissafi. A nan ne ma'aunin dangantaka, wanda ake rubutawa da r, yake shigowa, kuma ina baƙin cikin yadda muke koyar da shi a wani babi can daban kamar ba su haɗa komai da t ba. In ka lissafa r tsakanin layin magani na farko da na biyu za ka samu kusan 0.80. Wanda ya yi sama a nan, ya yi sama a can. Wannan tafiya tare ita ce ta rage warwatsuwar, daga wajen 1.8 da 2.0 da layukan biyu suke da ita, zuwa 1.23. Da r sifili ne, da haɗa su biyu-biyu bai ƙara mata komai ba.

Ba sai na ƙarasa ba. Ta ce, "Gonar fadama da ta jigawa." Ta juya ga nata lambobin, ta cire rabi daga rabi, gona bayan gona. A goma sha ɗaya rabin da aka sa wa taki a rami ya fi. A ɗaya, ta mai wuta-wuta, kusan kunnen doki aka yi. Da ta yi gwajin masu tagwaye, p ya sauko nesa da 0.05, ba a taɓa mata lamba ko ɗaya ba.

Ta fara murna, sai na dakatar da ita, don akwai abin da nake tsoro ta ɗauka daga ofishina. Ban canza mata gwaji don p ya sauka ba. Yadda ta tsara aikin tun ranar da ta ja igiya ta raba gona biyu, shi ya hukunta wane gwaji za a yi, kuma da na biyun ya ba ta 0.30, shi ɗin dai za ta rubuta. Wanda ke gwada wannan ya gwada wancan har sai ya dace da wanda ya yi masa daɗi, tafiyarsu ɗaya da mai shagon can, hanya ce kawai ta bambanta.

Na tambaye ta me p yake nufi, ta ba ni amsar da kusan kowa ke bayarwa, wai yiwuwar cewa hasashenta kuskure ne. Ba haka ba ne, kuma na fi samun sauƙin gyara wannan da misalin kotu. A gaban alƙali hujja tana kan mai ƙara. Wanda ake ƙara yana nan a matsayin marar laifi har sai shaidu sun cika. A ƙididdiga wanda ake ƙara shi ne hasashen babu bambanci, H0 ɗin nan da ake rubutawa a babi na ɗaya, alƙalumanka kuma su ne shaidu. Tambayar da p ke amsawa ita ce: in da gaske hanyoyin biyu ba su da bambanci, sau nawa katari kaɗai zai ba ni rata mai girman wadda na gani ko fiye? In amsar ta yi ƙanƙanta, sai ka ce da wuya katari ne. In ba ta yi ba, ƙara ce aka kora don shaidu ba su isa ba. Alƙalin da ya kori ƙarar bashi saboda rashin shaidu bai ce ba a ci bashin ba. Shi ya sa nake jan layi ja a duk inda ɗalibi ya rubuta cewa ya tabbatar babu bambanci, alhali gonaki shida ya auna.

Shi kansa 0.05 ba daga sama ya sauko ba. Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, shi ya yaɗa shi ta littafin da ya rubuta wa masu bincike a 1925, don ya ga ɗaya cikin ashirin iyaka ce mai sauƙin aiki. Fisher ɗin ne kuma ya mayar da lissafin Gosset siffar t da muke amfani da ita yau. Tsakanin 0.049 da 0.051 Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka sai da ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne cewa p ba ya auna girman tasiri, ba ya kuma auna yiwuwar gaskiyar hasashe. Manomin da ya ba ta gona ba zai tambaye ta p ba. Zai ce tiya nawa abin ya ƙara, kuma ya biya kuɗin takin? Don haka na sa ta rubuta ratar da kilo, da tazarar da ake sa ran gaskiyar tana ciki. A lambobin barcin nan, misali, tazarar ta kashi 95 cikin ɗari daga awa 0.70 take zuwa 2.46, kuma wannan ya fi wa likita amfani a kan 0.003.

Magariba ta kusa, na ɗauka mun gama, sai ta ce akwai tebur na biyu, shi ba shi da matsala, ya fito da kyau. Ta tambayi manoman nan goma sha biyu buhun taki nawa kowa ya saya bara, da buhun gero nawa ya samu a gonakinsa duka. An lissafa mata r ya haura 0.9, ta rubuta a ƙasa cewa wannan ya tabbatar taki ne ke kawo yawan amfani.

Na fi jin tsoron wannan teburin fiye da na farko. Francis Galton ne ya fito da tunanin ma'aunin dangantaka a 1888, Pearson ya daidaita lissafinsa a 1896, kuma abin da yake aunawa ɗaya ne tak: yaya ɗigogi suka kusanci miƙaƙƙen layi, daga -1 zuwa +1. Bai san dalili ba. Manomin da ke iya sayen buhu biyar na taki, shi ne dai mai shanun huɗa, shi ke ɗaukar 'yan ƙwadago su yi masa noman farko a kan lokaci, kuma galibi gonakinsa sun fi faɗi. Ko bai zuba taki ba zai fi maƙwabcinsa buhuna. Gwajinta na raba gona ya toshe waɗannan ƙofofi, domin mutum ɗaya ne da ƙasa ɗaya. Tambayar baki ba ta toshe ko ɗaya ba. Shi r bai san lanƙwasa ba kuma. Duk wanda ya taɓa cika wa shuka yuriya ya san amfani yana hawa da taki zuwa wani wuri, daga nan ya tsaya, in an zarce shukar ta ƙone. Dangantaka mai ƙarfi ke nan, amma r zai iya nuna ta kusa da sifili.

Shi ma r ana yi masa gwajin t, kuma yawan samfuri na wasa da shi sosai. Da mutum goma sha biyu sai r ya kai 0.576 kafin p ya sauka ƙasa da 0.05. Da mutum dubu, 0.062 ya wadatar, alhali in ka ninka 0.062 da kansa za ka ga abin da ya bayyana bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Na ce, "Kin zana su?"

Ta ce ba a ce ta zana ba. Na ba ta labarin Francis Anscombe, wanda a 1973 ya ƙirƙiri jerin lambobi huɗu, kowanne ɗigo goma sha ɗaya, dukkansu r ɗinsu kusan 0.816, matsakaicinsu ɗaya, layinsu ɗaya. In ka zana su sai ka ga na farko ne kaɗai ya yi kama da abin da kake zato. Na biyu baka ne lanƙwasasshe. Na uku layi ne sambal da ɗigo ɗaya da ya bauɗe. Na huɗu kuwa ɗigo goma a tsaye suke wuri guda, ɗaya tilo can nesa shi ya ƙago dangantakar gaba ɗaya.

Na miƙa mata takardar zane mai gidaje-gidaje. Ta sa taki a kwance, gero a tsaye, ta fara ɗigawa. Goma sha ɗaya suka taru a kusurwar ƙasa ta hagu kamar tumaki a inuwa. Na goma sha biyu sai da ta ƙara takarda a sama kafin ya samu wuri. Dattijon da ya fi kowa sayen taki ne, kuma lambar geronsa ta ninka ta mai bi masa sau da yawa.

Ta ce ta san gidan, gonakinsa ba su kai haka ba. Ta nemi izini ta kira ɗansa a waya, aka kai wa tsohon. Ina jin ta tana cewa, "Baba, ina wuni, ya sanyi? Geron bara da ka gaya mini, buhu ne?" Ta saurara, ta rufe baki da hannu. Ashe da dami ya ba ta lissafi. Ya ce shi bai taɓa sussuke geronsa gaba ɗaya ba balle ya san buhu, a rumbu yake da zangarniyarsa, in buƙata ta taso a ciro dami a ba mata su sussuka. Ta tambaye shi dami nawa ke cika masa buhu, ya faɗa mata, ta yi godiya ta ce a gaida su Inna.

Ta mayar da lambar buhu, ta sake lissafi a nan kan teburina. R ya sauko ƙasa da 0.576. Ta dube ni, na dube ta. Ta ja layi a kan jimlar da ta rubuta da farko, ta rubuta a gefe cewa a manoma goma sha biyun da ta tambaya ba ta samu isasshiyar shaida ba, kuma ko da ta samu, tambayar baki ba za ta raba tasirin taki da na faɗin gona ba. Ta ce ranar Asabar za ta koma ƙauyen ta bi sauran goma sha ɗayan gida-gida, ta ji kowanne da wane ma'auni ya ba ta amsa. Ana kiran salla ta tattara takardunta, ta roƙi in bar mata ta majinyatan nan goma, na ce ta tafi da ita.